Archie League: Saurayin da ya fara ba jiragen sama hannu da baro da tuta biyu

Idan kana cikin masu buɗe Flightradar24 da daddare, kana kallon 'yan jirage masu ruwan ɗorawa suna rarrafe a kan taswira kamar tururuwa, wataƙila ka taɓa tambayar kanka: wai duk wannan cunkoso, wa ke hana su karo? Ko kuma ke da kika taɓa zama cikin jirgi a bakin titin tashi, inji na ruri, minti biyu, minti uku, ba a motsa ba, har kika fara tsaki. To wani ne ya ce wa matuƙin ya dakata. Ba kya ganinsa, ba ki san sunansa ba, amma a 'yan mintocin nan kunnensa da idonsa da harshensa su ne tsakaninki da wani jirgin. Wannan aiki yana da mafari, kuma a Amurka mafarinsa wani saurayi ne da bai wuce shekara 22 ba, yana tura baro.

Sunansa Archie League. An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1907, a wani ƙaramin gari mai suna Poplar Bluff a jihar Mizuri. Ka lura da shekarar: shekara huɗu ke nan da 'yan'uwan nan biyu, Wright, suka fara ɗaga jirgi mai inji daga ƙasa. Wato shi da jirgin sama kusan tare suka yi rarrafe. Da ya tasa sai ya zama matuƙi mai lasisi, kuma makaniken inji da gangar jirgi, shi ma da lasisi. A zamanin, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsofaffin jiragen soja sun yi araha. Samari kan saya su riƙa bin ƙauyuka, su sauka a gonar wani, su yi wasan alkafura a sama, su ɗauki masu ƙarfin hali su zaga da su a biya su. League ya yi wannan sana'a a jihohin Mizuri da Ilinoi. Da yau ne, da bidiyonsa ya cika TikTok.

A 1929 hukumar birnin Sen Luwis ta ɗauke shi aiki a filin jirginta na Lambert. Filin ba ƙarami ba ne a idon Amurkawa, don daga nan Charles Lindbergh yake jigilar wasiƙu zuwa Shikago kafin ya tsallake tekun Atlantika shi kaɗai a 1927. Bayan wannan bajinta sai kowa ya kamu da son jirgi, filin ya cika, wannan na son sauka, wancan na son tashi, kowa na bin ganin damarsa. Aka ga dai in ba a samu mai ba da hannu ba, wata rana za a kwashi gawa.

Ga ofishin da League ya haɗa wa kansa. Baro guda, ya kafa masa babbar lema saboda rana. A ciki akwai kujerar naɗewa, da abincin ranarsa, da ruwan sha, da littafin rubutu, da tuta biyu. Ɗaya mai zanen gida-gida irin na allon dara, ma'anarta ka wuce. Ɗayar ja, ma'anarta ka dakata. Shi ke nan kayan aikin. Baron ma ba don ado ba ne: jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, in iska ta juya, inda ake tashi ya canja, dole mai tuta ya tura kayansa ya koma can. In hunturu ya zo kuma, sai ya sa tufafin matuƙa masu kauri ya ci gaba da tsayuwa a fili. Turawan Ingila za su tuna maka cewa filin Croydon na Landan ya riga su fara tsara zirga-zirgar jirage tun farkon shekarun 1920, kuma da gaskiyarsu. Amma a Amurka, League ake ƙirgawa a matsayin na farko.

Kar ka yi wa tutar nan dariya tukuna. Tana da wata daraja: kalma biyu kawai ta iya, kuma ba a rikita su. Ja ja ce. Amma nakasunta a fili suke. In matuƙi bai waiwayo ba, bai ga komai ba. In dare ya yi ko hazo ya sauka, tuta ta zama tsumma. In jirage biyu suna kallonka lokaci guda ka ɗaga tutar wucewa, da wa kake? Da zarar jirgi ya ɗaga ya ba ka baya kuwa, magana ta ƙare, ba ka da hanyar kiransa ko da ka hango wani yana nufo shi.

Rediyo ce ta fara toshe wannan ɓaraka. Birnin Cleveland ya buɗe hasumiya mai rediyo a 1930, kuma da Sen Luwis ta samu tata a farkon shekarun 1930, League ne ya fara riƙe makirfo a cikinta. Bai tsaya nan ba. Ya shiga Jami'ar Washinton da ke Sen Luwis ya yi digiri a injiniyancin jiragen sama, sannan a 1937 ya koma aikin gwamnatin tarayya, a ofishin da ke kula da harkar jiragen farar hula a lokacin.

Ka san yadda ake bin jirage a hanya a shekarun nan? Kamfanonin jirage da kansu suka buɗe cibiya ta farko a Newark a ƙarshen 1935, gwamnati ta karɓa a 1936. Babu wanda ke ganin jirgi ko ɗaya. Matuƙi zai faɗa wa ma'aikacin kamfaninsa ta rediyo inda yake, shi kuma ya buga wa cibiyar tarho, a rubuta a allo, sai a ɗauki wani ɗan ƙarfe da ke wakiltar jirgin a matsar da shi a kan babbar taswira. Bayan kowane ɗan lokaci a sake lissafi da agogo da gudun jirgi a ƙara matsar da shi. Wato ana tsaron rayukan mutane ne da kintace. Maganin kintace kuwa shi ne a bar tazara mai yawa, kamar minti goma tsakanin jirage biyu da ke bin hanya ɗaya a tsayi ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa aiki. Ya tafi a matsayin matuƙin soja, ya dawo da muƙamin Kanar. Yaƙin nan kuma shi ne ya raini na'urar da za ta sauya aikinsa gaba ɗaya, wato rada. Rada fa, ba raɗa ba, ko da yake in ka duba da kyau akwai kama: tana aika saƙon da kunne ba ya ji, ta kasa kunne ta jira amsa.

Yadda take aiki ba wuya. Ka taɓa yin ihu a gaban dutse ka ji muryarka ta dawo? Haka eriyar rada ke harba igiyar rediyo tana juyawa. In igiyar ta bugi ƙarfen jirgi sai ta dawo. Lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo shi ke nuna nisa, inda eriyar ke fuskanta shi ke nuna ɓangare. Sai ɗigon haske ya bayyana a allo. A 1946 aka gwada ta a hasumiyar farar hula a Indianapolis, kuma a Janairun 1952 filin jirgin Washinton ya fara amfani da ita wajen raba jiragen da ke tashi. A karon farko mai ba da hannu yana iya bin jirgi da ido bayan ya shige gajimare. Tazarar da a da ake aunawa da mintoci ta koma mil uku a kusa da fili, mil biyar a nesa, ko kuma ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa.

Me ya sa tashi ya fi tsada a wannan lissafi? Jirgin da ya ɗaga yanzu yana da nauyi, cike da mai, yana kusa da ƙasa, yana hawa, yana juyawa, duk lokaci guda. Yana ratsa tsayin da masu saukowa su ma suke ratsawa, su daga sama, shi daga ƙasa. A daidai nan ne kuma ake miƙa shi daga hannu zuwa hannu: mai kula da zirga-zirgar ƙasa ya miƙa wa na hasumiya, na hasumiya ya miƙa wa mai rada, kowanne da tasharsa ta rediyo. Duk inda aka yi miƙa-miƙa, akwai abin da kan iya faɗuwa a tsakani.

Ita ma radar farko ba tsarkakakka ba ce. Duk abin da ya mayar mata da amsa sai ta zana shi: ruwan sama mai ƙarfi, tsaunuka, dogayen gine-gine, garken tsuntsaye. Ƙaramin jirgi kan iya ɓacewa a cikin wannan hayaniya. Ɗigon ba ya ɗauke da suna, ba ya faɗin tsayi. Ɗigo biyu na iya haɗewa a allo alhali ɗaya na sama da ɗaya da ƙafa dubu biyar, ko kuma a tsayi ɗaya suke, allon ba zai gaya maka ba. Kuma hoton ba kai-tsaye yake ba, sai eriya ta zagayo, kusan daƙiƙa biyar a radar kusa da fili, goma zuwa sha biyu a ta nesa. Uwa-uba, yawancin sararin Amurka babu radar sam.

A 1956 League ya samu babban muƙaminsa na farko, mataimakin shugaban shiyyar tsakiyar ƙasar. A shekarar ce kuma aka yi abin da ya girgiza Amurka. Ranar 30 ga Yuni, jirage biyu suka tashi daga Los Anjalis, minti uku tsakaninsu: na TWA zai je Kansas City, na United zai je Shikago. A hanya matuƙin TWA ya nemi hawa ƙafa 21,000, aka hana shi saboda na United yana wannan tsayin. Sai ya nemi izinin hawa ƙafa 1,000 a saman gajimare, aka ba shi, abin da ya kai shi ƙafa 21,000 ɗin dai. Bisa ƙa'idar lokacin, daga nan tsaron kansa ya koma idonsa. Sun bar hanyoyin da ake kula da su, babu rada a wurin. A saman babban kwazazzabon nan na Grand Canyon suka yi karo, mutum 128 suka mutu, babu wanda ya tsira. Abin da ya fi ɗaga hankalin jama'a shi ne babu wata doka da ta tilasta wa kowa a ƙasa ya raba su.

Daga nan kuɗi suka fito. Majalisa ta yi doka a 1958 aka kafa hukumar FAA, aka shiga sayen manyan radoji. A shekarar ce aka kira League hedikwata a Washinton ya jagoranci sashen tsare-tsare. Amma sayen na'ura bai rufe littafin ba. A Disambar 1960 jirgin United ya zarce inda aka ce ya jira da kusan mil goma sha biyu, ya yi karo da na TWA a saman Niyok, mutum 134 suka mutu har da na ƙasa. Ɗaya daga na'urorin gane hanya na jirgin ta lalace, kuma labarin bai kai ga masu ba da hannu ba. Wannan fa a sararin da ke da rada ne.

Bayan ɗan zama a matsayin shugaban shiyyar kudu maso yamma, a Mayun 1965 aka naɗa League daraktan kula da zirga-zirgar jirage na ƙasar baki ɗaya. Ka tsaya ka auna: mai baron 1929 ne yanzu ke shugabantar dubban masu ba da hannu, a zamanin da jirage masu injin jet suka ninka gudun na da. Ni dai a ganina wannan kujera ba abin sha'awa ba ce. In komai ya tafi daidai babu mai tuna ka, in an samu kuskure ɗaya kuwa kowa ya san ofishinka.

Shekara biyu da naɗin, ranar 19 ga Yuli, 1967, Boeing 727 na kamfanin Piedmont ya tashi daga Asheville a jihar Karolina ta Arewa. Yana cikin hawa, mintoci kaɗan da barin ƙasa, ya haɗu da wani ƙaramin Cessna mai shigowa. Mutum 82 suka mutu. Filin ba shi da rada, mai ba da hannu yana aiki ne da abin da aka faɗa masa a rediyo. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan matuƙin Cessna da ya kauce daga hanyar da aka ba shi, amma sun ce yadda aka kula da shi daga ƙasa ma ya taimaka wajen aukuwar abin. Su kuma masu ba da hannu sun gaji da zama jakin ɗaukar laifi. A 1968 suka kafa ƙungiyarsu ta PATCO, suna kukan ƙarancin ma'aikata, da yawan aiki, da tsofaffin na'urori.

Gyaran da aka yi a shekarun nan shi ne tushen abin da kake gani a wayarka yau. Aka sa wa jirage na'urar amsa kira, wadda asalinta dabarar sojoji ce ta bambance jirgin aboki da na abokin gaba. Rada ta tambaya, jirgi ya amsa da lambarsa da tsayinsa. Zuwa farkon shekarun 1970 kwamfuta ta fara manna wa kowane ɗigo suna da tsayi da gudu a allon manyan filaye. Zuwan Boeing 747 a 1970 kuma ya ƙara wata ƙa'ida: ƙaton jirgi yana barin guguwa a bayansa wadda ido ba ya gani, don haka na bayansa sai ya jira minti biyu ko uku. In an tsayar da ku a bakin titi, sau da yawa dalilin ke nan.

Daga baya League ya koma wani babban ofishin, mai auna yadda ayyukan hukumar ke tafiya. Yana nan aka yi hatsarin da, in ka tambaye ni, ya fi kowanne kama da aikinsa na farko, don a ƙasa aka yi shi, a kan titin tashi, inda yake tsayawa da tutarsa.

Ranar 20 ga Disamba, 1972, da magariba, hazo ya rufe filin O'Hare na Shikago, ba a ganin abin da ya wuce rubu'in mil. Jirgin Delta ya sauka, yana neman inda zai jira kafin a ba shi wurin ajiye fasinja. Matuƙan suka faɗi inda suke, mai kula da zirga-zirgar ƙasa bai ji wannan ɓangaren ba, ya ɗauka suna can baya inda suka baro titin sauka. Sai ya tura su wurin jira mai lamba 32. Matsalar ita ce wuraren jira biyu ne masu wannan lamba, na dama da na hagu, kuma bai faɗi wanne ba. Shi na dama yake nufi, don a tunaninsa yana kusa da su. Su kuwa sun riga sun wuce na daman, sai suka ɗauka na hagu ne, ba su kuma nemi ƙarin bayani ba. Hanyar zuwa na hagu ta ratsa titin da aka ba wani jirgi, DC-9 na kamfanin North Central, izinin tashi a kai. Matuƙan DC-9 sun hango su a ƙurarren lokaci, suka yi ƙoƙarin ɗagawa su tsallake, amma jirgin ya daki saman na Delta, ya faɗo kan titi ya kama da wuta. Mutum goma daga cikin 45 da ke cikinsa suka mutu.

Ga inda abin ya fi ciwo. Akwai radar ƙasa a hasumiyar, wadda aka kafa musamman don ganin jirage a kan tituna idan ido ya gaza. Rahoton bincike ya lissafa abu uku: mai ba da hannu ya bar kalma ɗaya mai muhimmanci, bai yi amfani da duk abin da ke gabansa don tabbatar da inda jirgin yake ba, su kuma matuƙan ba su tambaya ba. Shekara 43 bayan tuta mai kalma biyu, ga rediyo, ga rada, ga hasumiya mai tsawo, amma rashin faɗin dama ko hagu ya isa.

Wata shida bayan haka, a Yunin 1973, League ya yi ritaya, bayan shekara 36 a aikin gwamnatin tarayya. Yana raye a 1981 lokacin da masu ba da hannu suka tafi yajin aiki Shugaba Reagan ya kori fiye da 11,000 daga cikinsu. Ya mutu ranar 1 ga Oktoba, 1986, a Annandale ta jihar Bajiniya, yana da shekara 79.

Kar ka ɗauka matsalar da ya yi rayuwarsa yana kokawa da ita ta Amurka ce kaɗai. Shekara goma bayan mutuwarsa, ranar 7 ga Nuwamba, 1996, Boeing 727 na kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal zai sauka Legas, wani jirgin kuma ya tashi daga Legas ya nufi gabas. Suka fuskanci juna. Na'urar gargaɗin karo ta yi ƙara, matuƙan ADC suka yi wata kaucewa mai tsanani, jirgin ya ƙwace musu ya faɗa ruwa a Ejirin, kusa da Epe. Mutum 144 suka mutu, cikinsu har da masanin siyasar nan Farfesa Claude Ake. Binciken ya nuna cewa mai radar bai raba jiragen biyu yadda ya kamata ba, sannan ya ambaci kuskuren matuƙi a yadda ya kauce. Tambayi manya a gidanku, da yawa ba su manta ba.

A Amurka, ƙungiyar masu ba da hannu ta yanzu, NATCA, tana ba da lambar yabo kowace shekara da sunan Archie League. Ana ba wa waɗanda suka ceci jirgi a bakin aikinsu: wanda ya lura jirgi na shirin hawa titin da wani ke tashi a kai ya tsayar da shi, ko wadda ta lallaɓa matuƙin da ya ruɗe a cikin gajimare har ya taɓa ƙasa. A wurin bikin akan kunna ainihin muryoyin da aka naɗa a ranar da abin ya faru, kuma da yawa daga cikinsu suna nan a YouTube. In datarka ta isa, rubuta sunansa ka saurari ko da ɗaya ne, ka ƙirga daƙiƙa nawa ne tsakanin lokacin da mai ba da hannu ya gane akwai matsala da lokacin da ya buɗe baki.